Kewar Kwatas: Abin da 'Ya'yan Ashaka Ke Nufi Idan Sun Ce Da Can Ya Fi

Duk inda 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan kamfanin simintin Ashaka suka haɗu, ko wurin ɗaurin aure ne a Gombe ko zaman makoki a Bauchi, hirar ba ta wuce abu huɗu. Ba a ɗauke wuta. Famfo na zuwa har cikin banɗaki. Yaro ya kwana da zazzaɓi, kati kawai uwarsa za ta ɗauka ta kai shi asibitin ma'aikata. Ɗan Musulmi da ɗan Kirista ƙwallo ɗaya suke bugawa har magariba ta raba su. Daga nan sai wani ya numfasa ya ce, "Allah sarki, jiya ba yau ba."

Wanda ya tashi a cikin Gombe ko Bajoga yakan ɗauka ƙarin gishiri ne irin na tuna baya. Mafi yawansa ba ƙari ba ne. Gyara ɗaya maganar ke buƙata: abin da suke kewa bai cika sunan gari ba, tsari ne da aka gina don tanderun siminti kada ta tsaya, yaro kuma ya tashi a inuwarsa yana zaton haka duniya take ko'ina.

An yi wa kamfanin simintin Ashaka rajista a 1974, ya fara fitar da siminti a 1979, da haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da kamfanin Blue Circle na Ingila. Zamanin kuɗin mai ne, ƙasa na ƙishirwar siminti, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da shi suka toshe tashar Legas wata da watanni. Lokacin da aka fara aikin, yankin na cikin Jihar Bauchi, sai a 1996 aka yanke Gombe. Me ya kai masana'anta wannan lungu na Funakaye, a gefen kogin Gongola, ba Bauchi ko Gombe ba? Nauyi. Kafin a sami tan ɗaya na klinka, wato ƙonannen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti, sai an ƙona kusan tan ɗaya da rabi na dutsen farar ƙasa da yumɓu. Babu mai hankalin da zai yi ta jigilar dutse zuwa birni alhali sulusinsa hayaƙi zai zama. Masana'anta ce ke bin dutse. Ga jifsam a wajajen Nafada da Fika, ga layin dogo na Maiduguri ya ratsa ta Bajoga. Abin da babu shi ne injiniya, da makaniki, da gidan hayar da za a sa su. Dole kamfani ya gina musu gari.

Sai an fahimci tanderu kafin a fahimci kwatas, wato unguwar gidajen ma'aikata.

A kwari, wato ramin haƙar dutse, ake fasa dutse da nakiya, manyan motoci su kai shi injin farfasawa. A haɗa shi da yumɓu da 'yar ƙasa mai sinadarin ƙarfe, a niƙe ya yi laushi kamar garin alkama. Wannan garin ake zubawa cikin tanderu, wato doguwar gangar ƙarfe da ke kwance a ɗan karkace, cikinta jere da bulo mai jure wuta, tana juyawa a hankali dare da rana. A ƙasanta zafi na kai digiri 1,450. Garin ya narke sama-sama, ya dunƙule ya zama 'yan ƙwallaye baƙi-baƙi masu kamar tsakuwa, shi ne klinka. A sanyaya shi, a sake niƙawa da jifsam kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. In ba jifsam, siminti zai kame tun magini bai ɗaga cokalinsa ba. Daga nan sai buhu: kilo 50, buhu 20 tan ɗaya, tirela mai tan 30 buhu 600.

To, a ce wuta ta ɗauke tanderu na tsakiyar aiki. Gangar ta daina juyawa, kaya mai zafi ya kwanta gefe guda, ƙasan ƙarfen ya fi samansa zafi, sai ta fara lanƙwasa kamar ayaba. Bulon ciki ya tsattsage. Shi ya sa ake ajiye wani ƙaramin inji na daban, aikinsa kawai ya ci gaba da juya ta a hankali har ta huce. Kuma tanderun da ta huce ba a hura ta da gaggawa. Kwana ake ɗauka ana ƙara zafi kaɗan-kaɗan, in ba haka ba bulon ya zube. Tsayawar awa guda na iya cin kwanaki. Masana'antar siminti ba za ta jingina da NEPA ita kaɗai ba, sai ta tanadi wutarta. Wutar da gidajen ma'aikata ke ci kuwa, in aka auna ta da ta injin niƙa, kamar ɗiban ruwa da ludayi ne a kogi. Ƙwan fitilar da yaro ya yi karatun jarrabawa a ƙarƙashinsa rarar abincin injina ne.

Haka sauran. Ruwa dole ne don sanyaya injina, tunda kuwa an kafa famfo da tanki da wurin tacewa, jan bututu zuwa gidaje ƙaramin ƙari ne. Asibiti dole ne, don aikin na da ƙuna da karaya da ƙura, kuma mutumin da ke dutin dare ba zai natsu gaban inji ba in ya san matarsa na naƙuda babu mai kai ta ko'ina. Makaranta dole ce, don babu injiniyan da zai baro Zariya ko Ibadan ya kawo iyalinsa inda 'ya'yansa za su zauna ba karatu. Kulob da filin wasa su ne ke hana babban ma'aikaci rubuta takardar ajiye aiki a shekararsa ta biyu. Faɗin haka ba raina alherin ba ne. Alheri ne, kuma ya gina mutane. Amma kowanne na da layinsa a littafin akanta, abin da ke da layi kuwa ana iya soke shi.

Lokaci ma na kamfani ne. Masana'antar da ba ta barci kan raba yini gida uku, awa takwas-takwas, galibi daga shida na safe zuwa biyu, biyu zuwa goma, goma zuwa wayewar gari. Yaron kwatas ya san jadawalin dutin ubansa fiye da yadda ya san na darussansa. Ƙarfe tara na safe gida tsit, labule a sake, takalmin aiki mai ƙarfe a baki yana bakin ƙofa fari fat da ƙura, uwa na magana ƙasa-ƙasa: "Ku fita waje da wasan nan, Babanku ya yi dutin dare." Albashi rana ɗaya yake shiga gidaje duka. Mahauci ya san ranar, mai kanti ya san ranar da zai buɗe littafin bashi, yara sun san makon da za a ga nama zuƙu-zuƙu a miya da makon da za a koma kuka da daddawa. Wannan daidaito na da daɗi ga yaro. Ɗan manomi na tashi da fargabar ko damina za ta yi kyau, ɗan ɗan kasuwa na ganin fuskar ubansa tana sauyawa da ciniki. Ɗan kwatas bai san waɗannan ba, sai ƙarshen wata.

Tarbiyyar da ake yawan yabawa ma akwai abin da ke riƙe da ita. Gaskiya ne kowa ya san ɗan wane ne kai, kuma matar maƙwabci na iya tsawata maka ta kuma kai ƙara gida. Haka yake a kowace tsohuwar unguwa. Bambancin shi ne a kwatas ƙarar ba ta tsayawa a zaure. Yaron da ya fasa gilashin tagar wani ko ya tsallaka shinge, maganar na iya kai wa ofishin da ubansa ke sa hannu kowace safiya, gidan da suke ciki kuma ba nasu ba ne. Uba na ja wa ɗansa kunne da tsoro biyu.

Inda kewar ta fi gaskiya, a ganina, shi ne zancen zaman tare. Yaran Ibo da Yarbawa da Tibi da Tangale da Bolewa da Fulani sun tashi suna Hausa ɗaya, wadda in ka ji ta daga bayan katanga ba za ka iya rabe ɗan wa ke magana ba. Kwanon abincin Sallah na tsallaka layi, na Kirsimeti ya dawo. Mutane kan ce zukatan da ne suka fi kyau. Wataƙila. Amma dubi yadda ake raba gida. A birni, baƙo na neman unguwar da danginsa ko 'yan addininsa suke, shi ya sa kusan kowane babban gari a Arewa ke da ɓangaren 'yan gari da ɓangaren baƙi. A kwatas babu mai zaɓen maƙwabci. Jami'in gidaje na duba matakin albashinka da girman iyalinka da layin masu jira, ya miƙa maka makulli. Makaniki daga Nafada da makaniki daga Onica, in matakinsu ɗaya, katanga ɗaya za su raba shekara goma sha biyar. Dole ce ta haɗa su, sabo ya mayar da ita zumunci.

Sai dai rabon bai ɓace ba, juya shi aka yi. Maimakon addini da ƙabila, matsayi ne ke yanka garin. Akwai ɓangaren manyan ma'aikata, gida da fili da ɗakin masu aiki a baya. Akwai na ƙananan ma'aikata, ɗaki biyu ko uku a jere. Akwai leburorin wucin gadi da masu lodi, waɗanda ke shiga get da safe su fita da yamma su kwana a ɗakin haya a waje. Sannan akwai mutanen ƙauyukan da aka tarar. Zobe huɗu ke nan, ɗaya cikin ɗaya. In ka kasa kunne, masu kewar da murya mai ƙarfi 'ya'yan zobe biyu na ciki ne. Ko a cikinsu ma, ɗan ƙaramin ma'aikaci bai manta hanyar da ba ya bi da keke ba, ko ƙofar kulob ɗin da ubansa ba ya shiga.

Yarinyar da ta tashi tana kawo nono ko gyaɗa bakin get, ita ma tana da yarinta a wannan wuri, amma ba irin wannan ba. Tana ganin hasken kwatas da dare daga inda ake kunna aci-bal-bal. Ƙurar masana'antar siminti, musamman irin injinan da, iska ke raba ta, ba ta san shinge ba: ta sauka kan ganyen dawa da kwanon rufi, raɓa ta taɓa ta da asuba ta yi ɓawo. Gonar da ta koma kwari kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mayar da ƙasa hannun gwamna, diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato amfanin gona da itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Manomi ya karɓi kuɗin shekara kaɗan a madadin abin da zai ci da jikokinsa. Sai a 2007 dokar ma'adinai ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar da yake haƙa a cikinta. Ba kuma za a ce mutanen waje ba su ci komai ba. Layin tireloli masu jiran lodi kasuwa ce guda: mai shayi, mai tuwo, bakanike, mai faci, ɗan kamasho, mai ɗakin haya. Da yawa sun yi arziki a bakin get fiye da waɗanda ke ciki, kuma abin da suka gina nasu ne. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Yanzu ga ranar da duk ɗan kwatas ke tunawa amma ba a cika kawo ta a hira ba.

Uba ya yi ritaya, ko an sallame shi, ko ya rasu. A irin waɗannan gidaje na ma'aikata, ko na kamfani ko na gwamnati, tsarin kusan ɗaya ne. Takarda ta zo da wa'adin tashi. Ranar miƙa gida jami'i ya shigo da jerin kayan da aka damƙa wa maigidan shekara ashirin da suka wuce, yana bi ɗaki-ɗaki da biro. Fanka uku. Makunnin wuta. Kan famfo. Gilashin taga, yana ƙirga su ɗaya-ɗaya, wanda ya fashe a rubuta. Makulli nawa aka ba ka, nawa ka dawo da su. Sai ya sa hannu a takardar wanke kai, a kai ta sito su sa hannu, a kai asibiti su karɓi katin iyali, sannan maganar giratuti ta motsa. A waje mota na jira, an ɗaure katifu da turmi da keken ɗinki. Mangwaron da uwa ta dasa shekarar da ta haifi ɗanta na biyu, wanda yanzu ya rufe rabin tsakar gida, ba ya cikin jerin jami'in kuma ba ya shiga mota.

Daga wannan rana yaron ba shi da garin da zai ce zai je gida. Nan ne kewarsa ta bambanta da ta kowa. Ɗan Kumo ko Azare ko Dukku da ke aiki a Abuja shi ma yana kewar yarintarsa, amma da Sallah zai shiga mota, ya sauka ƙofar gidan gado, ya tarar da goggo ko baffa. Kowace shekara yana ganin abin da ya lalace da abin da aka gyara, ana rage masa zaƙin tunanin kaɗan-kaɗan har ya daidaita da gaskiya. Ɗan kwatas ba shi da wannan magani. Hotonsa ya tsaya a shekarar da suka tashi, da idon ɗan shekara goma sha biyu, wanda bai taɓa ganin takardar albashi ba, bai san an taɓa ba ubansa takardar gargaɗi ba, bai san dalilin tarin da ke tashin tsohon da asuba ba. Abin da ba a sake gani ba, ba ya tsufa.

Hukuma ma na tuna masa cewa shi ba ɗan can ba ne. Ranar da zai nemi gurbin jami'a, ko tallafin karatu na jiha, ko aikin soja ko ɗan sanda, za a ce ya kawo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Wannan takarda asalin uba take bi, ba wurin haihuwa ba. Wanda aka yanke wa cibiya a Funakaye, ya yi firamare da sakandare a nan, in ubansa mutumin Katsina ne ko Binuwai, can za a tura shi. Ya je garin da bai taɓa kwana bakwai a jere a cikinsa ba, ya nemo baffan da zai raka shi wurin mai unguwa, daga nan dagaci ko hakimi, sannan sakatariya, kowa na tambayarsa ɗan gidan wa ne. A can ana kiransa ɗan bariki, a inda ya tashi ana kiransa baƙo.

Ga kuma abin da ya fi ciwo, wanda 'ya'yan ba sa son faɗa don girman iyaye: akwai waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu suna cika buhun siminti suka fita ba su da ɗaki ɗaya nasu. Ba sakarci ba ne. Gidan da ba ka biyan haya, ko ake cire ɗan abin da ba ka ji, yana sa shekara ashirin ta wuce kamar biyu. Mutum na cewa in giratuti ta zo zai gina. Sai tsarin gwamnati na tsuke bakin aljihu, wato SAP, ya zo a 1986, naira ta fara zubewa, kuɗin da a tsohon lissafi zai gina gida huɗu ya koma bai kai rufin ɗaya ba. Wanda ya karɓi dunƙulen kuɗi yana da shekara sittin, bai taɓa ciniki ba, sau da yawa motar haya yake saya ya ba direba, ko ya zuba a kasuwancin wani ɗan'uwa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Waɗanda suka tsira, hanyarsu ba ta da wani sirri, kuma lissafinta na nan har gobe. Fili suka fara saya, a Bajoga ko Gombe ko garinsu, tun ana ganin wurin daji ne. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 na cin bulo mai inci 9 wajen 400. Buhu ɗaya, in ana son bulo mai ƙwari, 30 zuwa 35 zai fitar. Masu bugawa don sayarwa kan ja shi ya haura haka nesa, shi ne bulon da ke marmashewa a hannu tun wurin saukewa. Ke nan bulon ɗaki guda buhu 12 ne ko 13. In aka haɗa da na ɗora bulo, da filasta ciki da waje, da daɓen ƙasa da linta, ɗakin zai tashi a buhu 40 zuwa 50. Kuskuren da ake yi shi ne tara siminti a ɗaki ana jiran ya cika. Siminti ba ya jira. Ko an ɗora shi kan katako, an janye shi daga bango, ba a jera fiye da goma ba, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa, da damina kuwa danshin iska kaɗai ya isa ya mayar da shi dutse. Bulo ne ke jira. Buhu biyu duk wata, a buga, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai, a jera a fili. A shekara an sami bulo sama da 700. Shekara biyar, bangon gida mai ɗaki huɗu da katangarsa na tsaye a ƙasa tun ba a haƙa tushe ba. Wannan ne abin da mai shayin bakin get ya yi ba tare da kowa ya koya masa ba, don shi babu wanda ya taɓa ba shi makulli.

To me ya sa tsarin ya yi sanyi, alhali masana'antar na nan tana aiki? Masu ita sun sauya, lissafi ya sauya. Gwamnati ta sayar da hannun jarinta. A 2001 kamfanin Lafarge na Faransa ya saye Blue Circle, a 2015 Lafarge ya haɗe da Holcim na Suwizalan, a ƙarshen 2024 kuma aka sanar da cewa Holcim zai sayar da kasonsa na Lafarge Africa, kamfanin da Ashaka ke ƙarƙashinsa, ga Huaxin na ƙasar Sin. Amma ko da mai shi bai sauya ba, abubuwa uku sun taɓa kusan kowace babbar masana'anta a ƙasar nan. Na farko inji: aikin da da mutum goma ke yi da idanu da hannu, yanzu mutum biyu ne gaban kwamfuta. Na biyu kwangila: gadi, shara, girki, lodi, tuƙi, duk an miƙa wa 'yan kwangila, ma'aikacin ɗan kwangila kuwa ba shi da gida a kwatas, ba shi da katin asibiti. Na uku mayar da haƙƙoƙi kuɗi, abin da Gwamnatin Tarayya kanta ta yi wa ma'aikatanta daga 2003: maimakon gida a ba ka kuɗin haya, maimakon asibitin ma'aikata a yi maka inshorar lafiya. Ga kuma waya da mota sun sa mutum na iya barin iyalinsa a Gombe, inda makarantu suka yawaita, ya riƙa zuwa ƙarshen mako. Gidan da babu yara a cikinsa masauki ne. In irinsa suka yi yawa a layi, filin ƙwallo ciyawa yake fitarwa.

Makamashi ma ya ƙaura. Baƙin man da ake hura tanderu da shi ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, aka koma kwal da ake haƙowa a Maiganga, cikin ƙaramar hukumar Akko, ana jigilarsa da manyan motoci. Sannan 2014 ta zo. A farkon Nuwamba 'yan Boko Haram suka shiga Ashaka suka kwashi nakiya da motoci, a Disamba suka sake dawowa ta Bajoga. Abin da ya kafa garin, wato fasa dutse, shi ya jawo su. Wurin da iyaye ke alfahari da cewa yaro na iya yawo har dare ya koma wurin da ake bincike a ƙofa.

Duk da haka 'ya'yan Ashaka na cikin masu sa'a, don hayaƙi na tashi har yanzu. 'Ya'yan ma'aikatan simintin Nkalagu ko sukarin Bacita sun ga abin da ke faruwa idan injin ya mutu gaba ɗaya: wuta da ruwa na binsa kabari, don dama nasa ne. Kamfanin Steyr na Bauchi, mai haɗa taraktoci da manyan motoci, shi ma ya durƙushe, amma da yake a jikin birni yake, uba ne ya rasa aiki, yawancin yaran ba su rasa unguwa ba. Gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa na Bauchi da Gombe kuwa gari ne ya girma ya haɗiye su.

Masu son komawa su gani da ido, ba a zuwa kai tsaye. Mai gadi zai tambaya, "Wurin wa ka zo?" kuma "nan aka haife ni" ba amsa ba ce a littafinsa. Sai an nemi wanda ke aiki a ciki ya san da zuwanka, ya ba da sunanka a get. In an shiga, abin da kowa ke fara faɗa ɗaya ne: titin ya tsuke, filin ya ƙanƙance, tazarar gida da makaranta da ake ganin tafiya ce ashe taku kaɗan ne. Gidan kuwa sai an yi sallama an nemi izini, a yi bayani, matar gidan ta leƙo tana mamaki. Galibi a tsakar gida ake tsayawa, ba a shiga ɗaki. In mangwaron na nan, za a tarar da wani yaro a kansa, wanda in ka tambaye shi zai ce maka bishiyar gidansu ce.